Guzuri: Abincin Tafiya a Ƙasar Dutse da Sunayensa

Hausa ta bambanta abin da matafiyi ya ke fita da shi daga gida da abin da ya ke komowa da shi. Na fari shi ne guzuri, na biyu tsaraba. Tsaraba don faranta ran waɗanda aka bari ce, amma guzuri shi ke riƙe ran mai tafiya tsakanin zango da zango. Saboda nauyin kalmar ne har malamai suka are ta, su kan kira aikin kirki guzurin lahira.

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yawancin tafiya ta ƙafa ce da jaki. Mutanen Dutse, wadda a lokacin ta ke ƙarƙashin Kano, su kan shiga ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, maniyyata kuwa su nufi gabas ta Barno da Wadai har Sudan. Irin wannan tafiya ta kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Don haka lalle guzuri ya cika sharaɗi uku: kada ya ruɓe, kada ya yi nauyi, kada kuma ya bukaci doguwar dahuwa.

Kadan aka dubi sunayen abincin, sai a ga dabara guda ce a ƙarƙashinsu, watau raba abinci da ruwa, domin laima ita ce ke kawo ruɓa. Ana shanya nama a yi kilishi: a yanyana shi fale-fale, ya sha rana, a tsoma shi a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa shi sama-sama. Kuka da kuɓewa su ma shanya su a ke yi a daka. Dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi har aka kafa tashar bincikensa a can, busasshensa ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Ana kuma soyawa, kamar ƙuli-ƙuli da a ke yi da tunkuzar da ta rage bayan an matse man gyaɗa, da dambun nama. Ana dakawa a dunƙule, kamar dakuwa ta aya ko ta gyaɗa. Fura kuwa, ko da ya ke ita ce abincin matafiyi da kowa ya sani, ba ta daɗewa, gama dafaffiya ce mai laima. Mai nisan zango garin gero ya kan ɗauka da yajinsa, in ya sauka ya dama. Mazubin ma kowane da sunansa: taiki da burgami na kaya, salka ta ruwa, tandu na mai.

Abin lura shi ne babu alkama cikin wannan lissafi. Ba wai Hausawa ba su san ta ba, ana noma ta a fadamu da rani tun da daɗewa, amma abincin birni da na masu hali ce, irin su alkaki da gurasa da taliya. Wannan ya zama abin muhimmanci a yau. Cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari da a ke kira gulutin, shi ne ke sa kwaɓin burodi ya yi danƙo. Akwai mutanen da in sun ci shi ya ke lalata musu bangon ƙaramin hanji. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya nuna alaƙar wannan cuta da alkama a 1950. Ƙa'idar ƙasashen duniya ita ce ba a ce abinci ba shi da gulutin sai in bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba. Masu wannan lalura a Turai da Amurka, in za su shiga daji yawon kwanaki, su kan sayi busasshen abinci na musamman da tsada. Gero da dawa da shinkafa da masara da rogo da gyaɗa da aya kuwa, ba ɗaya da ke ɗauke da gulutin.

Amma fa sunan abinci ba ya tabbatar da abin da ke cikinsa, gama suna ya kan zauna alhali haɗin ya sake. Ɗanwake, wanda asalinsa garin wake ne da na dawa ko rogo, yanzu da yawa da fulawa a ke yinsa. Injin niƙa na unguwa ya kan niƙa alkama da gero bi da bi ba tare da an wanke shi ba, waɗansu dunƙulen miya na kanti kuma akwai garin alkama a ciki. Har ila yau gyaɗar da ta sha laima ta yi funfuna tana ɗauke da dafi mai cutar hanta, sai a guji ƙuli-ƙulin da aka yi da ita.

Ya kamata malaman da ke koyar da Hausa su sa almajiransu su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffi a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu. Kada a tsaya ga suna kaɗai: a rubuta kayan haɗin kowane abinci, da yadda a ke yinsa, da kwanakin da ya kan yi bai lalace ba, tun masu sanin salka da burgami ba su ƙare ba.