Abin da ya kamata ku sani game da kiɗan soul na kudancin ƙasar Amurka

Kiɗan soul na kudu salon waƙa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka raya daga farkon shekarun 1960, musamman a birnin Memphis na jihar Tennessee da garin Muscle Shoals na jihar Alabama. Abin mamaki shi ne an haife shi lokacin da dokokin wariyar launin fata suka hana baƙi da fari zama a makaranta ɗaya ko gidan abinci ɗaya, amma kusan duk manyan faya-fayansa da haɗin hannun ɓangarorin biyu aka yi su.

Daga ina ya samo asali?

Tushensa uku ne. Daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fata ya ɗauko ƙarfin murya da salon da jagora ke rerawa 'yan amshi na karɓa. Daga blues ya gaji kukan zuci kan talauci da rabuwar masoya. Daga country, kiɗan Turawan karkara, ya koyi ba da labari cikin kalmomi masu sauƙi. Daga baya funk, wanda James Brown ya shahara da shi tun 1965, ya ƙara masa nauyin ganga da jitar bas.

Rediyo ce ta fara haɗa baƙi da fari, domin doka ba ta iya raba kunnuwa. Yaran baƙaƙe sun tashi suna sauraron shirin Grand Ole Opry daga Nashville, yaran farare kuma suna kama tashar WDIA ta Memphis, wadda ta koma shirye-shiryen baƙaƙen fata zalla a 1949.

Su wa suka gina shi?

Jim Stewart, ma'aikacin banki mai kaɗa goge a salon country, shi ya kafa kamfanin da ya zama Stax a 1957, sannan yayarsa Estelle Axton ta shigo. A wani tsohon gidan silima na Memphis suka yi sutudiyonsu. Makaɗan gidan, Booker T. & the M.G.'s, mutum huɗu ne, biyu baƙaƙe biyu farare, kuma su ne suka yi wa Otis Redding da Sam & Dave kiɗa. A Muscle Shoals kuwa Rick Hall ne ya buɗe sutudiyon FAME, inda makaɗa fararen fata 'yan karkara suka raka Wilson Pickett, da kuma Aretha Franklin a watan Janairun 1967, zaman da ya buɗe mata ƙofar ɗaukaka.

Waɗanda suka gauraya salo

Ray Charles ne ya fi fitowa fili. A 1962 ya fitar da kundi sukutum na waƙoƙin country, ya kuma sami kasuwa fiye da yadda kowa ya zata. Kafin shi, a 1961, Solomon Burke ya yi suna da wata waƙar country. Joe Tex ya yi aiki da Buddy Killen na Nashville, yana saka wa'azi da raha a tsakiyar waƙa. Candi Staton ta sake rera wata shahararriyar waƙar Tammy Wynette a 1970, Al Green kuma ya rera waƙoƙin Hank Williams da Willie Nelson a 1973 a kamfanin Hi, ƙarƙashin kulawar Willie Mitchell.

Me ya rage masa ƙarfi?

Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 10 ga Disamba, 1967, yana da shekara 26. Ranar 4 ga Afrilu, 1968 aka harbe Martin Luther King a masaukin Lorraine na Memphis, wurin da mawaƙan Stax suka saba zama, lamarin da ya sanya rashin yarda tsakanin baƙi da fari a garin. A shekarar ce kuma Stax ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta mallaka wa kamfanin Atlantic tsofaffin faya-fayansa. Stax ya farfaɗo na ɗan lokaci, amma bashi ya durƙusar da shi a 1975, daidai lokacin da disko ke mamaye kasuwa.

Kiɗan ya mutu ke nan?

A'a. Kamfanin Malaco na birnin Jackson a jihar Mississippi ya ci gaba da riƙe tutar, da mawaƙa irin su Dorothy Moore da Z.Z. Hill da Bobby Bland da Johnnie Taylor. Kiɗan ya iso Afirka ta Yamma ma: Wilson Pickett da Staple Singers sun yi wasa a Accra a watan Maris na 1971. A 2003 aka buɗe gidan tarihin Stax a daidai filin tsohon sutudiyon. Mai son sanin wannan kiɗa ya fara da Otis Redding, sannan ya saurari Al Green da Candi Staton.