Kukan taya da cinyewarta a hanyoyin Haɗeja

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai faci kusa da tashar Haɗeja ya san musun da ba ya ƙarewa. Wannan direba ya rantse babu kamar Michelin, wancan ya ce Bridgestone ta fi juriya, mai Sharon da ke jigilar Kano kullum kuma ya ce shi 'yar China yake sawa, in ta cinye ya sauya, ba ruwansa da suna. Kowa da hujjarsa. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi shekarar da aka ƙera tayar da ake musun a kanta, alhali a nan gizo ke saƙa.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja shekara guda bayan haka, kusan duk tayar motar da muke hawa daga waje take zuwa. Akwai sababbi masu tsada, akwai matsakaita irin su Maxxis ta Taiwan, akwai na China kamar Triangle da Linglong da Westlake. Sai kuma ta hannu, wadda ake ce wa Beljiyam, duk da tana cikin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su. Ita ce ta fi ruɗar mutane, domin tana zuwa da babban suna da zane raɗau, ga sauƙin kuɗi.

A gefen kusan kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya ta ƙare aiki bayan shekara 4, kamfanonin ƙera ta kuwa sukan kai da lissafinsu har shekara 10. Ni dai na fi karkata ga na hukumar, saboda roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma zafin watan Afrilu da Mayu a nan, da ke wuce digiri 40, ba irin wanda tayar hannu ta saba da shi a Turai ba ne. Mafi muni ita ce mai hoton dutse da ƙanƙara a gefenta. Don lokacin sanyin Turai aka yi ta, robarta taushi gare ta, kwaltarmu ta tsakar rana takan cinye ta kamar sabulu a ruwa. Sabuwar matsakaiciya ta bana ta fi tsohuwar Michelin mai shekara bakwai, ko da zanenta bai taɓu ba.

Batun kuka kuwa, yawancinsa daga zanen yake. Iska ce ke shiga tsakanin tsagogin taya da kwalta tana fita, shi ya sa mai manyan haƙora, irin wadda masu Hilux ke sawa don shiga fadamar Guri da Kirikasamma da damina, take gurnani da zarar ta hau titi. Wannan ba aibu ba ne, ladan riƙe laka ne. Tun 2012 Tarayyar Turai ta wajabta liƙa takarda a jikin sabuwar taya mai nuna shan mai, da riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, da yawan ƙara. Sai dai ƙarar da aka auna ta waje ce, wadda mai tsayuwa a bakin titi ke ji, ba wadda ke damun fasinja a ciki ba. Akwai kuma lambar Amurka da ke nuna jimirin zane, kamar 300 ko 500, amma kowane kamfani shi ke gwada kayansa, don haka ta fi amfani wajen kwatanta tayoyin gida ɗaya. Abin da ya fi shafar mu a wannan layi shi ne harafin jure zafi: A ta fi B, B ta fi C.

Na taɓa zargin wata taya da ba ta ci ba ta sha ba. Daga Gujungu motar ta fara wani kuka kamar jirgi, na ce ai ga sakamakon sayen mai araha. Mai facin da na kai wa bai ce komai ba, ya kama hannuna ya shafa shi a kan zanen. Sai na ji tudu da kwari, tudu da kwari. Ya ce, “Alhaji, ba ita ba ce, shokazobarka ce ta mutu.” Ramukan da ambaliyar 2022 ta bari sun gama da ita, tayar na ta tsalle a kan titi tana cinyewa gefe-gefe. Da boris ne, in ji shi, kukan zai sauya in na murɗa sitiyari dama ko hagu.

Haka taya take ba da labarin mai ita. In tsakiya ya riga cinyewa, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan. In gefe ɗaya ne kawai, ƙafar ta karkace, sai an daidaita ta. A ƙasan tsagin akwai ɗan tudu, in zane ya sauko daidai da shi, wato saura milimita 1.6, ta gama aiki, kuma irinta ce ke sulɓewa a ruwan da ke kwanciya a hanyar Auyo ko Kafin Hausa cikin watan Agusta.

Akwai wata al'ada da direbobinmu suka riƙe, ta rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar ta haifar da zafi, ga buhunan shinkafa ko kwalayen kifi an labta har but ya kasa rufuwa, sai ka ji ta yi bindiga kafin a kai Ringim. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, har da na lokacin da aka yi lodi. A auna da safe kafin motar ta yi tafiya, da geji, ba da bugun ƙafa ko sandar yaron mota ba.