Tanadi ba rashin tawakkali ba ne



Wasu suna cewa wanda ya yi tanadi don tsoron fari ko gobara bai dogara ga Allah ba. Ba haka ba ne.

Wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi: ya ɗaure taguwarsa, ko ya sake ta ya yi tawakkali? Annabi ya umurce shi ya ɗaure ta, sannan ya yi tawakkali. Tirmizi ya ruwaito.

Cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusufu ya gaya wa mutanen Masar za a yi shekara 7 na wadata, sannan 7 na yunwa. Ya ce su ajiye abin da suka girbe cikin zangarniyarsa, su ci kaɗan. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san amfanin wannan shawara.

Amma rumbun mutum ɗaya, wuta tana iya cinye shi dare guda. Shi ya sa ake haɗa kai. Buhari ya ruwaito cewa Ash'arawa, in cimaka ta yi musu ƙaranci, sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya, su raba daidai. Annabi ya yaba musu.

To, ina hukuncin inshora, wadda masu mota suke kira asiransi? Kana biyan kamfani kuɗi, in haɗari ya same ka ya biya ka, in bai same ka ba kuɗin sun zama nasa. Malamai da yawa sun ga aibu 3 a ciki: rashin sanin abin da ka saya, kama da caca, da riba ta ruwa. A 1985 majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda. Ta hana wannan iri, ta halatta na taimakon juna, wanda ake kira takaful. Kamfanin farko irin wannan an buɗe shi a Sudan a 1979.

A takaful, abin da kowa ya zuba kyauta ce ga asusun jama'a. Daga ciki ake agaza wa wanda asara ta sama.

Ku ma kuna iya yi a garinku. Bayan girbi, kowane gida ya kawo tiyar hatsin da aka yarda. Ku faɗi tun farko asarar da za a biya: gobara, ambaliya, mutuwar san noma. Ku zaɓi amintattu 3 su riƙe rumbun. Ku da kuka gama yaƙi da jahilci, ku ne za ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ku karanta gaban kowa.

Allah ya ba mu damana mai albarka.