Sukurun Tura Hatsi a Cikin Inji: Aikinsa, Lalacewarsa da Gyaransa

Tun daga 1978 da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, noman shinkafa ya ƙara kankama a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Inda shinkafa ta yawaita kuwa, nan injinan casa da na niƙa ke yawaita. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗayansu ya ga hatsi yana nutsewa cikin mazurari, ya ga gari ko tsaba na fitowa ta ƙasa, amma ba kowa ya san abin da ke kai hatsin ciki ba. Wani murɗaɗɗen ƙarfe ne da ke ɓoye a gindin mazurarin, watau sukurun tura hatsi. Ranar da ya ƙi aiki, inji na ta ruri amma kwano ba ya cika.

Asalinsa da yadda yake aiki

Siffarsa kamar a ce an naɗa ɗan faifan ƙarfe a jikin sanda, zagaye bayan zagaye, aka zura shi cikin bututu. Ana danganta dabarar ga Arkimidis, masanin nan Bagirke da ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma manoman Masar sun daɗe suna ɗebo ruwan Kogin Nilu da irinsa.

Idan sanda ta juya, hatsin da ke tsakanin zagaye biyu ba shi da wata mafita sai gaba, domin bututu ya tare shi ta kowane gefe. Abubuwa uku ke ƙayyade yawan abin da zai wuce: faɗin bututu, da tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye, da saurin juyi. Alal misali, sukurun da ke tura giram 20 a kowane juyi, in ya juya sau 100 a minti, zai kai kilo 2. Ke nan aikinsa biyu ne: turawa da aunawa.

A ƙasashen sanyi kamar Amurka da Turai, akwai murhun ɗumama ɗaki da ke cin ɗiɗɗigar katako wadda aka matse ta zama 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 6 zuwa 8. Irin wannan sukuru ne ke ɗebo su kaɗan-kaɗan yana zubawa a wuta, a hankali ƙwarai, sau kaɗan a minti. Idan ana son ƙarin zafi, sai a ƙara masa lokacin juyi. A nan gida kuwa, shi ke cusa hatsi tsakanin duwatsun injin niƙa, shi ke kora shinkafa cikin injin casa, shi ne kuma ke matse ɓuntun shinkafa a injin da ke mayar da shi curin makamashi.

Abin da ke lalata shi

Babban abokin gabarsa yashi ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓuntun shinkafa toka ce, kuma mafi yawan tokar sinadarin silika ne, ɗan'uwan wanda ke cikin rairayi. Ga kuma ainihin rairayi da tsakuwa da ke biyo hatsin da aka sussuka ko aka shanya a ƙasa. A ma'aunin taurin abubuwa na Mohs, ƙwayar rairayi tana kan 7, ƙarfe gama-gari kuwa bai wuce 4 zuwa 5 ba. Saboda haka kowane buhu da ya wuce sai ya ɗan goge bakin zagayen. Sannu a hankali rata takan buɗe tsakanin sukuru da bututu, hatsi ya riƙa zamewa baya. Sai a ga inji ya sha mai daidai da na jiya, amma aikin bai kai na jiya ba.

Na biyu danshi ne. Shinkafa ta fi casuwa idan ruwan jikinta bai wuce kashi 14 cikin 100 ba. Wadda aka turara ba ta gama bushewa ba takan cakuɗe da gari ta manne, ta toshe bututu. Haka ƙwayoyin katakon can ma, da zarar sun sha danshi sai su kumbura su farfashe, su danƙare wa sukuru.

Na uku baƙon abu ne, kamar ƙusa ko noti ko guntun dutse, wanda kan maƙale ya lanƙwasa zagaye ko ya tsinke bel. Na huɗu boris ne: in ya bushe ya ci, sanda takan kauce daga tsakiya ta riƙa gugar bututu.

Alamomi da gyara

Kunne ya kan riga ido gane ciwon inji. Ƙara mai kama da ta wasa wuƙa tana nuna sukuru na gugar bututu. Ƙwanƙwasa tana nuna baƙon abu. Idan kuwa inji ya yi nishi, bel yana zamewa yana wari, to an toshe.

Matakin farko shi ne a kashe inji, a cire bel, ko a zare waya idan na lantarki ne. Sa'an nan a kwashe abin da ke cikin mazurari, a juya sanda baya da hannu domin abin da ya maƙale ya saku. In ya ƙi, sai a kwance murfi a zaro sukurun, a kankare shi da burushin waya, a mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri don a ga ko ya lanƙwashe. Bakin da ya cinye ana iya cike shi da walda, musamman da sandar walda mai taurara ƙarfe, a goge shi ya koma girmansa na asali. Bayan an mayar, a fara wuce dusa ta ciki a zubar, domin ta kwashe burbushin ƙarfe kafin abincin mutane ya biyo. Boris kuwa a sa masa giris daidai wa daida, kada ya tsiyaya cikin gari.

Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Shanya a kan tabarma ko leda, da sheƙe hatsi da rairaye shi, da ɗaura mayen ƙarfe a maƙogwaron mazurari, da share bututu bayan aikin kowace rana, duk sun fi kuɗin walda araha.

Akwai kuma abin da walda ba ta mayarwa. Sukuru bai san bambancin tsaba da yatsa ba, kuma bel ba ya sakin hannun riga ko gefen mayafi in ya kama. Tun da yara aka fi aika wa niƙa, wajibi ne a hana su tura hatsi da hannu, a kuma rufe bel da garkuwa.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi cikin sauƙi. A naɗe mayen ƙarfe a farar takarda, a yi ta wuce shi cikin garin da aka karɓo daga inji. Baƙin burbushin da zai iya mannewa a jikin takardar guntun inji ne da gogayya ta cinye, kuma yawansa manuniya ce ga ko lokacin kiran mai gyara ya yi.