Matatar Ruwa da Bututun Ban-ruwa a Gida: Saye Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba

A cikin watan Agusta na shekarar 1892 annobar kwalara ta faɗa wa birnin Hamburg na ƙasar Jamus, kuma kafin ta lafa sai da ta hallaka mutane wajen 8,600. Maƙwabcinsa, garin Altona, wanda a wasu unguwanni titi kawai ya raba su, bai yi asarar da ta kai ko kusa da wannan ba, alhali kuwa dukkansu biyu daga kogin Elbe suke ɗibar ruwan sha. Hasali ma Altona daga ƙasa yake ɗiba, bayan kogin ya riga ya kwaso ƙazantar Hamburg. Bambancin kawai shi ne Altona yana bi da ruwansa ta cikin manyan tafkuna da aka shimfiɗa wa yashi, shi kuwa Hamburg yadda ya ɗebo haka yake aika wa jama'a.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya biyo baya. A farkon shekarar 1893, ana tsakiyar hunturu, sai ga kwalara ta ɓulla a Altona ɗin. Da mashahurin masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch ya bi diddigi, sai ya danganta abin da ɗaya daga cikin tafkunan, wanda fuskar yashinsa ta daskare saboda sanyi lokacin da ake kankare ta, ruwa ya riƙa wucewa bai tacu sosai ba. Matatar tana nan inda take, amma ta daina aiki, masu sha kuwa ba su sani ba.

Wannan darasi bai tsaya ga hukumomin ruwa kaɗai ba. Ya shafi duk magidancin da ya sayi matatar ruwan sha, ko ya shimfiɗa bututun shayar da ciyawa da shuke-shuken harabar gidansa. Dukkan na'urorin nan biyu aikinsu ya dogara ne ga 'yan ƙananan ƙofofi da ruwa ke bi, kuma kowace ƙofa ɗayan biyu ne ke samun ta: ko ta toshe, ko ta yage.

Tsumma da kurkunu

Matata mafi sauƙi ita ce ƙyallen da ake ɗaurawa a bakin tulu. Duk da sauƙinsa, yana cikin manyan makaman da aka yaƙi kurkunu da su. Shi dai kurkunu yana shiga jikin mutum ne ta hanyar wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira ƙumar ruwa, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar a cikinsu. Bayan kamar shekara guda da shan ruwan sai tsutsar ta huda fata ta fito, wani lokaci tsawonta ya kai mita guda. Binciken da aka yi a Nijeriya a tsakanin 1988 da 1989 ya gano masu cutar fiye da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin. An ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar a 2008, sannan a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita.

Ba raba ƙyallen nailan kaɗai ya kawo wannan nasara ba, har da koya wa mata yadda ake riƙonsa. Fuska ɗaya ce kullum ke kallon sama. In an gama tacewa sai a juya shi a ɗauraye da ruwan da aka riga aka tace, nesa da bakin tulu. Kafin a sake amfani da shi kuma a ɗaga shi a hasken rana a duba, domin huda ɗaya da ba ta wuce ta allura ba ta isa ta mayar da aikin baya.

Kyandir ɗin tangaran

Gidaje da yawa sun san matatar nan mai tukwane biyu, ɗaya bisa ɗaya, da farin kyandir na tangaran a cikin ta sama. Asalin irin wannan kyandir yana komawa ga Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faransa, wanda ya ƙera nasa a 1884. Ƙofofin jikinsa ba su kai maikiron guda ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin silin gashin mutum yakan kai maikiron 70. Saboda haka laka da ƙwan tsutsar ciki da yawancin bakteriya ba sa iya ratsa shi.

Idan ɗigon ruwa ya ragu, alama ce laka ta rufe ƙofofin. Sai a kwance kyandir ɗin da hannu mai tsabta, a goge shi da burushi mai laushi a cikin ruwa mai kyau, ba tare da sabulu ba, domin tangaran yana shan sabulu ya riƙe. A kuma kiyaye kada ruwan wankin ya shiga bakinsa na ƙasa, inda tataccen ruwa ke fita. Amma alamar da ta fi wannan haɗari ita ce wadda mutane kan yi murna da ita, wato ruwa ya fara sauka da sauri fiye da yadda aka saba. Wannan yana nufin kyandir ya tsage, ko robar da ke gindinsa ta saki. Kyandir da ya tsage ba shi da gyara sai sauyi.

Ya kamata kuma a san iyakarsa. A 1892 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya lura cewa abin da ke haddasa wata cutar ganyen taba yana ratsa matatar Chamberland, kuma daga nan aka kama hanyar gano ƙwayoyin bairos. Irin waɗannan ƙwayoyi, kamar masu kawo shan-inna da wasu nau'o'in ciwon hanta, suna iya wucewa. Don haka a lokacin annoba, ko in ana shakkar tushen ruwan, sai a haɗa da tafasawa har ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa kulorin daidai yadda aka ƙayyade.

Gawayi da yashi

Matatun zamani da ake ɗaurawa a bakin famfo galibi gawayi ne a cikinsu, wanda aka sarrafa da zafi har ya cika da ramuka. Giram guda nasa, in da za a baje fuskokin ramukan, zai rufe fiye da murabba'in mita 500. Wari da ɗanɗanon kulorin da wasu sinadarai suna manne wa waɗannan fuskoki. To, amma kowace fuska tana cika. Ranar da ta cika ruwa zai ci gaba da fita garau kamar da, sai dai ba a cire masa kome ba. Bugu da ƙari, tun da gawayin yana kawar da kulorin, kuma yana tara abincin bakteriya, tsohon gawayi kan zama gidan haihuwarsu. Shi ya sa masu ƙera shi ke ƙayyade watanni ko adadin litar da za a sauya shi. Haka nan na'urar da ke matsa ruwa ta cikin siririn tantani don cire gishiri: kulorin yana cinye tantanin, gawayin da ke gabansa ne ke kare shi. Wanda ya yi tsimin kuɗin gawayi, kuɗin tantani ke jiran sa, wanda ya ninka shi tsada.

Matatar yashi ta gida kuwa, wadda David Manz na Jami'ar Calgary ta Kanada ya daidaita a farkon shekarun 1990, ƙanwar tafkunan Altona ce. Ba yashin kaɗai ke aikin ba. A samansa akwai wata shimfiɗa mai yauƙi ta ƙananan halittu masu cinye ƙwayoyin cuta, wadda kan ɗauki har wata guda kafin ta ƙosa. Ita wannan shimfiɗa mai rai ce, don haka tana bukatar ruwa kamar santimita 5 a kanta kullum, da sabon zubi kowace rana. Ruwan zafi ko mai kulorin yana kashe ta. A nan yawan tsabta ma ɓarna ne: mai kwashe yashin ya wanke tas ya zubar da abin da ke kare shi. In ruwa ya yi jinkirin sauka, abin yi shi ne a motsa fuskar yashin a hankali da yatsu, a kwashe ruwan da ya gurɓace, shi ke nan.

Kowace irin matata ce, takan daɗe in an bar ruwa ya kwanta kafin a zuba mata. Alif yana taimakawa, haka ma dakakkun 'ya'yan zogale, waɗanda matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan suka daɗe suna amfani da su, domin suna dunƙule laka ta nutse. Bayan an tace kuma, randa marar murfi da moɗar da kowa ke tsomawa da hannunsa suna iya rushe dukkan wahalar da aka sha.

Ban-ruwan harabar gida

Shayar da shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado da bututun da aka binne al'ada ce da ta fi ƙarfi a Amurka, inda Hukumar Kare Muhalli ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan gidaje a waje ake amfani da shi, galibi wajen ban-ruwa, kuma har rabin wannan yana iya salwanta ta hanyar iska da zafin rana da lalacewar kayan aiki. A Kano da Kaduna da Zariya da Yamai ma akwai gidaje da makarantu da masaukai masu irin wannan ciyawa, ga kuma rani na watanni da dama.

Lissafin ba shi da wuya. Zurfin milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. A ce ciyawa mai faɗin murabba'in mita 100 tana shan milimita 6 a rana a lokacin bazara, lita 600 ke nan, wato jarka 24 mai cin lita 25, kusan kura biyu ta 'yan garuwa. Domin a san abin da ake zubawa, sai a jera gwangwanaye iri ɗaya a wurare dabam-dabam cikin ciyawar, a kunna ruwa na minti 15, a auna zurfin abin da kowanne ya tara. Inda gwangwani ya tashi kusan wayam, kan fesawar da ke kusa ya toshe ko ya karkace. Inda kuwa ƙasa ke jiƙe kullum ko an kashe ruwa, bututu ne ya fashe a ƙasa, ko bawul ba ya rufuwa. Lokacin shayarwa mafi dacewa shi ne da asuba, kafin rana da iska su taso, kuma gara a ba da ruwa mai yawa jefi-jefi da a riƙa yayyafi kullum, domin saiwa takan bi ruwa ne zuwa inda ya tsaya.

Ga itatuwa da furanni da ɗan lambun kayan miya, ban-ruwan ɗigo ya fi tsimi. Injiniya Simcha Blass ne ya inganta shi a Isra'ila a shekarun 1960. Kowace ƙofa tana sakin kamar lita 2 zuwa 4 a awa ta wata siririyar hanya, abin da ya sa toshewa ta zama babbar cutarsa. Abubuwa uku ke kawo ta: yashi da laka, da ƙarfe ko allin da ke narke cikin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse wanda kan daskare in ya sha iska, da gansakukar da ke tsira a tankin da rana ke shiga. Maganin shi ne a wanke rariyar da ke bakin tanki duk mako, a buɗe ƙarshen kowane bututu lokaci-lokaci ruwa ya kore abin da ya taru, a kuma rufe tanki ruf. Bututun roba da aka bari a fili rana tana gasa shi ya yi ƙamas, ɓeraye masu jin ƙishi kuma suna huda shi.

Inda biyun suka haɗu

Akwai wani haɗari da ke haɗa lambu da randa. Idan ruwan famfo ya ɗauke, ƙarfin da ke tura shi yakan faɗi, har bututu ya koma yana zuƙa kamar mai shan fura da tsinke. In a wannan lokaci bakin tiyo yana kwance cikin kwatami, ko cikin duron da aka dama taki ko maganin ƙwari, to abin da ke ciki zai bi bututu ya koma gida, wani lokaci har gidajen maƙwabta. Garuruwa da dama a Amurka sun wajabta sanya na'urar hana ruwa komawa baya a tsakanin bututun lambu da na gida, tare da gwada ta kowace shekara. Inda kuwa ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, faɗuwar ƙarfin nan abu ne na yau da kullum. Rigakafin ba shi da tsada: kada a bar tiyo cikin ruwa, a bar tazara tsakanin bakin famfo da saman ruwan da yake zubawa, aƙalla ninki biyu na faɗin bututun, sannan a sa bawul mai hanya ɗaya a inda layin lambu ya rabu.

Kammalawa

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a wannan fage sau da yawa ruwan ba ya nuna tsamin nasa, domin kwalara da taifot ba su da launi ko wari. Abin da ido ba ya gani, kalanda ce ke tsare shi. Ya dace a rubuta ranar da aka sa kowane kyandir ko gawayi a jikin matatar, a ware rana guda a mako ta wanke rariya da randa, a zagaya bututun lambu a farkon kowane rani, a kuma ɗora alhakin duk wannan a wuyan mutum ɗaya sananne a gida, tun da aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Wanda ya san ruwansa ba tatacce ba ne yakan tafasa. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne mai sha da kwanciyar hankali daga matatar da ta daɗe da mutuwa, kamar yadda ya faru ga mutanen Altona a hunturun 1893.