Abubuwan da ya kamata ka sani game da Khushal Khan Khattak da daulolin da suka kewaye Fashtun

Mutanen mashiga

Fashtun na zaune a kudanci da gabashin Afganistan da arewa maso yammacin Pakistan, harshensu Fashto. A ƙarni na 17 ba su da sarki guda. Kowace ƙabila da nata khan ko malik, manyan al'amura kuwa sai a jirga, wato zaman dattawa. Ta gabas daular Mugal ta Indiya, ta yamma Safawiyawan Farisa, su kuma suna riƙe da mashigar Khyber, hanyar da fatake da rundunoni ke bi tsakanin Feshawar da Kabul.

Yadda daula ke sayen hanya

Mugal sun gane cewa kuɗi da sarauta sun fi takobi arha a cikin duwatsu. Sarki Akbar ya damƙa wa Malik Akoray, kakan mahaifin Khushal, tsaron hanyar Attock zuwa Feshawar. Gidan Khattak ya tashi da wannan gata, yana yaƙar maƙwabtansa Yusufzai da sunan daula.

Barden da aka ɗaure

An haifi Khushal a 1613, ya gaji mahaifinsa a 1641, ya yi wa sarkin Mugal Shah Jahan biyayya da gaske. A 1664, zamanin sarkin Mugal Aurangzeb, aka kama shi, aka tsare a ganuwar Ranthambore. Ya fito da wata zuciya daban. A 1672 Aimal Khan Mohmand da mayaƙan Afridi suka ragargaza rundunar Mugal a Khyber. Khushal ya shiga tawayen, yana bi ƙabila-ƙabila da waƙa, yana kiran Fashtun su haɗa kai. Abin ya kai Aurangzeb da kansa ya yada zango a Hasan Abdal a 1674.

 Zinariyar Mugal ta raba kan ƙabilun, har Bahram, ɗan cikin Khushal, ya koma ɓangaren Mugal yana farautar ubansa. Khushal ya rasu a 1689 bai ga haɗin kan ba. Ya bar dubban baituka da littattafai, ciki har da Baznama kan kiwon shaho. Rahman Baba, sufin Feshawar na zamaninsa, bai ɗauki takobi ba, amma har yau Fashtun na rera waƙoƙinsa.

Bayan Khushal

A 1709 wani shugaban Fashtun, Mirwais Hotak, ya kori Safawiyawa daga Kandahar, ɗansa Mahmud ya ci Isfahan a 1722. A 1747 jirga ta naɗa Ahmad Shah Durrani, shi ma mawaƙin Fashto, wanda daularsa ta zama tushen Afganistan. Sai Turawan Ingila suka shata layin Durand a 1893, ya ratsa tsakiyar ƙasar Fashtun. Kabarin Khushal, kusa da Akora, yana ɓangaren Pakistan.