Bonga: Kifin Ruwa Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kifi a Legas ko Fatakwal ko Kalaba ya ga bonga. Galibi bandarsa ake sayarwa, wato wanda aka busar da hayaƙi. Mutane da yawa sun san ɗanɗanonsa a miya, amma kaɗan ne suka san yadda yake rayuwa.

Bonga ɗan uwan kifin sadin ne. Masana kimiyya suna kiran sa Ethmalosa fimbriata. Ana samun sa a gaɓar Tekun Atlantika, tun daga Muritaniya har zuwa Angola. Jikinsa mai faɗi ne, yana walƙiya kamar azurfa. Wutsiyarsa a rabe take gida biyu, kuma yana da baƙin ɗigo a bayan kansa. Tsawon wanda masunta suka fi kamawa santimita 20 zuwa 25 ne. Bonga ba ya yawo shi kaɗai, sai dai gungu-gungu, kusa da saman ruwa.

Cin abincinsa abin mamaki ne, domin ba ya farautar wasu kifaye. Yakan yi iyo bakinsa a buɗe, ruwa yana shiga. A gefen kansa, inda yake numfashi, akwai wasu siraran haƙora masu kama da mataji. Su ne suke tace ruwan kamar rariya, su riƙe ƙananan tsirrai waɗanda ido ba ya iya gani. Waɗannan tsirrai su ne babban abincinsa.

Yawancin kifaye ruwa iri ɗaya suke iya zama a ciki: ko ruwan gishiri na teku, ko ruwan daɗi na kogi. Shi kuwa bonga yana jure wa duka biyun. Saboda haka ya fi yawa a inda kogi yake haɗuwa da teku, inda ruwan yake da zartsi, kamar Tafkin Legas da mashigin Kogin Kuros Riba da yankin Neja Delta.

Macen bonga takan zuba ƙwai masu yawa, su yi ta yawo a cikin ruwa har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sukan girma a tafkuna da ƙoramun bakin teku, inda itatuwan mangurof suke tsirowa. A can suke samun abinci da mafaka kafin su yi ƙarfin fita teku.

To, a nan matsala take. Da itacen mangurof ake yin bandar bonga a ƙauyukan masunta da yawa. Idan aka sare itatuwan ba a dasa wasu ba, an rushe gidan 'ya'yan kifin ke nan. Haka kuma malalar ɗanyen mai tana gurɓata ruwan, raga mai ƙananan idanu kuma tana kwashe 'ya'yan tun ba su isa yin ƙwai ba.

Hausawa sun ce kifi a ruwa sarki ne. Amma sarautar bonga ba ta ɗorewa sai an kula da ruwan da yake girma a ciki.

Tambayoyi
1. Yaya bonga yake samun abincinsa?
2. Me ya sa aka kira shi kifin ruwa biyu?
3. Kawo abubuwa uku da suke cutar da 'ya'yan bonga.